Amsa ga ƙanwata mai son karanta tarbiyya khassa a jami'a

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin na zauna rubuta amsa. Kince kina shekarar ƙarshe a sanawiyya wato sakandare anan Makka, kinason ki karanta tarbiyya khassa wato ilimin koyar da yara masu buƙata ta musamman, saboda ƙaninki da likita yace yanada tawahhud wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, amma Baba yace wannan ba karatu bane raino ne kawai, kuma ke da igama wato takardar izinin zama kike zaune ba 'yar ƙasa ba waye zai baki aiki in kin gama. Toh ni fannin na karanta kuma shekarata 14 ina cikinsa tsakanin Jidda da nan Makka, dan haka zan faɗa miki abinda na sani harda wanda bazai miki daɗi ba.

Maganar Baba kashi biyu ce kuma kar ki haɗasu. Maganar aiki yanada gaskiya sosai, zan zo kanta. Maganar raino kuwa anan ne bai samu wanda ya masa bayani ba, kuma ba laifinsa bane, mu kanmu mun taso muna ganin yaron da baya magana ko baya zama waje ɗaya ana cewa ɗan ruwa ne ko shafar aljanu ko kambun baka, wasu su haɗa komai su kira galahanga, a kulleshi a ɗaki in anyi baƙi. Wanda ya taso a haka in ance masa akwai digirin shekara 4 akan waɗannan yaran dole yayi mamaki.

Amma fannin ya daɗe a ƙasar nan. Ma'ahad Nur na makafi a Riyad tun 1960 aka buɗeshi, Ma'ahad Amal na kurame ya biyo baya a 1964, sannan ma'ahad na tarbiyya fikriyya na masu jinkirin fahimta a 1971, kuma Jami'ar Sarki Sa'ud ta buɗe sashen tarbiyya khassa tun tsakiyar shekarun 1980 ta fara yaye malamai. Bayan haka ne sashen ya yaɗu zuwa su Ummul Ƙura da Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda da Ɗayyiba a Madina. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2008. Kinga ba wani abu bane da aka ƙirƙiro jiya.

Yanzu meye ake karantawa. Shekarun farko zaki sha ilmin nafs wato ilimin halayyar ɗan adam, yadda yaro yake girma wata bayan wata, yaushe ya kamata ya zauna, yaushe zai nuna abu da yatsa, yaushe zai haɗa kalma biyu, saboda bazaki gane yaro ya makara ba sai kin san lokacin da ya kamata ya iso. Sai madkhal wato gabatarwa akan kowace irin lalura, sai ƙiyas da tashkhis wato auna yaro da gano matsalarsa, nan ne zaki haɗu da su gwajin Wechsler da Stanford-Binet da ma'aunin Vineland da yake duba yadda yaro ke iya kula da kansa, kuma akwai ihsa'i a ciki, lissafin alƙaluma, 'yan mata da yawa suna shigowa suna tunanin sun tsere wa lissafi sai su tarar dashi yana jiransu. Sai ta'adilus suluk, gyaran ɗabi'a, wanda a wajena shine darasin da yafi kowanne amfani ranar da kika tsaya a gaban aji. Bayan nan sai ki zaɓi masar, wato layin da zaki ƙware akai: makanta, kurumta, jinkirin fahimta, su'ubatut ta'allum wato wahalar karatu ko rubutu ko lissafi ga yaron da hankalinsa lafiya lau, tawahhud da matsalolin ɗabi'a, ko masu lalura fiye da ɗaya, harda masu baiwa ma suna ƙarƙashin fannin nan wanda mutane da yawa basu sani ba. Zangon ƙarshe kuma tadrib maidani ne, a turaki makaranta ko markaz wato cibiyar kula da yaran kina koyarwa ana zuwa ana dubaki.

Kowanne layi da nauyinsa. In makafi kika zaɓa sai kin iya Braille da hannunki, ɗigo shida ne kacal a kowane gida amma suna bada haɗi 63, kuma abinda ya ɗaure min kai ranar farko shine Braille na Larabci daga hagu zuwa dama ake karantashi ba kamar rubutunmu na Larabci ba, sannan in da allo da tsinke kike hudawa sai ki fara daga dama saboda in an juya takardar ya zo daidai. Akwai na'urar Perkins mai maɓalli shida na ɗigo, tana sauƙaƙa abin. In kurame ne sai kin koyi lugatul ishara wato maganar hannu har ki iya hira da ita ba haddar alamomi 200 na cin jarabawa ba, kuma ki sani maganar hannu ba iri ɗaya bace a duniya, ta kuramen Saudiyya daban, wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya daga ta Amurka ta samo asali, sannan kuramen Kano sunada tasu maganar hannun ta gargajiya da sukeyi a tsakaninsu tun kafin makaranta. Dan haka in kinada niyyar komawa gida wata rana ki saka wannan a lissafi tun wajen zaɓar layi.

Bari in nuna miki aikin kusa kusa dan ki gane bambancinsa da raino. Kowane yaro a wajenmu yanada khiɗɗa fardiyya, tsarin koyarwa nashi shi kaɗai, a rubuce, da burin da muke so ya kai a ƙarshen zango da yadda zamu auna ko ya kai. Akwai wani yaro da na riƙe ɗan shekara 7, burinmu na zangon gaba ɗaya shine ya wanke hannunsa da kansa. Ke a wajenki wanke hannu abu ɗaya ne, a wajenmu mataki goma sha ɗaya ne, ya naɗe hannun riga, ya buɗe famfo, ya jiƙa hannu, ya danna sabulu, ya cuɗa ciki, ya cuɗa baya, ya ɗauraye, ya rufe famfo, ya ɗauki mandil, ya goge, ya jefa a kwando. Na liƙa hoton kowane mataki a saman wajen wankin. Sati na farko hannuna akan hannunsa muke yi tare, daga baya na koma riƙe gwiwar hannunsa kawai, daga baya na koma nuna hoton da yatsa ba tare da na taɓashi ba, daga baya na tsaya bakin ƙofa nayi shiru. Kullum ina da takarda ina sa alama, wannan matakin da taimako yayi, wannan da kansa. Sai na lura kullum a wajen sabulu yake tsayawa ya fara ihu yana dukan kansa, na koma takardar na duba kwana goma a jere waje ɗaya ne, ashe ƙamshin sabulun ne baya iya jurewa, muka canza zuwa mara ƙamshi ihun ya ragu sosai. Mai raino zata wanke masa hannun ne da tausayi ta gama cikin minti ɗaya, Allah ya bata lada, amma har ya shekara 20 ita zata ci gaba da wanke masa. Malamar da ta karanta fannin aikinta shine ta janye hannunta a hankali har ya daina buƙatarta. Ranar da ya gama duka matakan shi kaɗai mahaifiyarsa na kira a waya, ta kasa magana sai kuka.

Toh ga dalilin da yasa ni dai nakeso ki karanta, kuma shine abinda yafi ci min rai a duk shekarun nan. Mu Hausawan Makka da Jidda da Madina munada yawa, daga Shara Mansur zuwa Misfala zuwa Hindawiyya, amma ki nemi akhissa'iyya wato ƙwararriya guda ɗaya da zata zauna da uwa ta mata bayanin ɗanta da Hausa, da ƙyar zaki samu. Gwaje gwajen nan duka da Larabci akeyinsu, an tsarasu ne akan yaran da Larabci suka tashi dashi. Wata rana a wani markaz da nayi aiki aka kawo yarinya 'yar shekara 5 da takrir ɗinta wato rahoton gwajinta a hannu an rubuta jinkirin fahimta, kakarta ce ta kawota. Abokiyar aikina ta mata magana da Larabci tace ɗauko jan ƙwallo, yarinya tana kallonta kawai. Ni ina bayanta nace da Hausa ɗauko min ƙwallon can, shiru bata juyo ba. Na zagayo gabanta na durƙusa tana ganin bakina na maimaita da ɗan ƙarfi, sai ta miƙe ta ɗauko ta kawo min. Na tambayi kakar, Hajiya yarinyar nan ta taɓa yin zazzaɓi mai tsanani? tace ƙwarai tana shekara biyu tayi sanƙarau har an cire rai. Babu wanda ya taɓa mata wannan tambayar saboda Larabcin Hajiya na kasuwa ne da gaisuwa, kuma ita tana jin nauyin cewa bata gane ba sai tayi ta ɗaga kai tana cewa aiwa aiwa. Muka turata gwajin ji, aka tarar kunnenta ne ya samu matsala, ga kuma gida Hausa zalla akeyi. Yarinyar nan hankalinta ras, an saka mata samma'a wato na'urar ji a kunne, amma anyi asarar kusan shekara 3 a lokacin da ƙwaƙwalwar yaro tafi saurin kama harshe, kuma wannan lokacin baya dawowa. Har yau in na tuna zuciyata tana zafi. Da ɗan gari akan ci gari ƙanwata, kuma a wannan fannin bamu da 'yan gari.

Iyayenmu mata kuma akwai abinda bazasu taɓa faɗa wa baƙuwa ba, cewa kishiya tana mata gori, cewa dangin miji sunce daga wajenta aka gado, cewa an kai yaron wajen mai magani ya ɗaureshi. Sai wadda ta san gidan daga ciki zata iya cewa Yaya ba laifinki bane, tawahhud ba allurar rigakafi ke kawoshi ba kuma ba rashin kulawar uwa bane, kiyi ruƙiyya da addu'a ai babu musulmin da zai hanaki, amma a haɗa da tadakhkhul mubakkir wato fara koyarwa da wuri, kuma duka da ɗauri babu abinda suke ƙara wa yaron sai tsoro.

Yanzu maganar shiga jami'a. Ki dage da jarabawar ƙudurat da ta tahsili na shiga jami'a tun yanzu saboda nisba mauzuna wato makin da aka haɗa dasu ake dubawa ba sakamakon sanawiyya kaɗai ba. Wadda mahaifiyarta 'yar ƙasa ce ana mata mu'amalar 'yan ƙasa a karatu. Wadda kuma igama ce da ita kamar ke, hanyar jami'ar gwamnati itace minha dakhiliyya, gurbin da ake ware wa mazauna ƙasa, ana nema ta manhajar Idrus fis Sa'udiyya, kujerun kaɗan ne masu nema da yawa, kuma igamarki da fasfo dole su zama da rai lokacin nema, dan Allah ki duba kwanan watansu yau ba sai an buɗe ƙofa ba, na ga yarinya mai nisba sama da 95 ta rasa shekara guda saboda igama ta mutu ana tsakiyar tajdidi wato sabuntata. Abu na biyu, tsarin ɗaukar ɗalibai a kulliyyar tarbiyya ya sha canji a shekarun baya, akwai lokacin da jami'o'i suka dakatar da ɗauka a matakin bakaloriyos aka karkata horar da malamai zuwa bayan digiri, saboda haka kar ki dogara da labarin wadda ta gama shekara goma da suka wuce, harda ni, ki buɗe dalilin ƙabul wato littafin bayanin ɗaukar ɗalibai na shekarar da zaki nema ki gani da idonki wane sashe ne a buɗe. In kin tarar a rufe ba ƙarshen hanya bane, kina iya yin ilmin nafs ko ɗufula mubakkira wato ilimin ƙananan yara, sannan ki ɗora diploma ko majistir a tarbiyya khassa. Jami'o'in kuɗi suna nan amma kuɗinsu ba na wasa bane, kar a ci bashi a kansu sai an zauna anyi lissafi. Da can mutanenmu da yawa Khartum suke tura 'ya'yansu saboda sauƙin kuɗi kuma da Larabci ake karatu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya toshe wannan hanyar, Allah ya kawo wa 'yan uwanmu na Sudan zaman lafiya.

Wani abu da ake yawan ruɗewa akai, takhaɗub wato gyaran magana, da ilaj waziifi wato horar da jiki kan ayyukan yau da kullum, da ilaj ɗabi'i wato gashin ƙashi, waɗannan ba tarbiyya khassa bane, ɓangaren ilimin lafiya suke, kulliyyarsu daban, lasisinsu daga hukumar ƙwararrun lafiya yake fitowa. Muna aiki tare akan yaro ɗaya amma shahada ba ɗaya ba. In abinda ke ranki shine ki ga yaro ya fara furta kalma toh ki duba takhaɗub da kyau kafin ki yanke.

Sai maganar aiki, inda nace Baba yanada gaskiya. Koyarwa a makarantun gwamnati, su gurfatul masadir wato ɗakin da ake ba yaro ƙarin darasi da azuzuwan damj da ake haɗa yaranmu da sauran yara, wannan aikin 'yan ƙasa ne, kuma su ma sai sun ci jarabawar rukhsa mihaniyya wato lasisin koyarwa, kuma akwai 'yan ƙasar da suka gama suna zaune suna jiran ta'ayin wato a ɗaukesu aiki. Mai igama abinda ya rage mata shine makarantun ahliyya wato na kuɗi da marakiz na kula da yara da rana waɗanda suke ƙarƙashin ma'aikatar mawarid bashariyya wato ta ƙwadago, nan ma sa'awada wato tsarin fifita 'yan ƙasa a aiki tana ƙara matse guraben, albashi ba yawa, aiki da yawa, kuma dole takardunki na aiki su zama bisa nizami. Bazan miki ƙarya ince zaki yi kuɗi ba. Na taɓa aiki a wani waje da aka bani yara takwas ni kaɗai babu mataimakiya, biyu a cikinsu basu iya shiga bayi da kansu ba, na koma gida da cizo a hannu ba sau ɗaya ba, bayana har yau yana ciwo saboda ɗaga yara. In kin samu irin wannan wajen ki san ba haka fannin ya tsara ba, mai wajen ne yake rage kuɗi.

Amma ki ɗaga kai ki duba gida ma. A Najeriya an sa hannu akan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, kuma buƙatar malamai ƙwararru a arewa ba sai an faɗa ba, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano sun cika maƙil. In karatun ne ma kikeso kiyi acan, Jami'ar Bayero tanada sashen ilimi na musamman, haka Jos da Ibadan, ga kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman a Oyo mai bada NCE, sai dai can da Turanci ake karatu kuma ta JAMB ake shiga, ke kuma da Larabci kika taso, dan haka ki fara gyara Turancinki tun yanzu ko da anan zaki karanta, saboda yawancin sabon bincike da kwasa kwasan ƙwarewa irin na ABA wato tsarin gyaran ɗabi'a da Turanci suke fitowa. Wadda ta haɗa Hausa da Larabci da Turanci a wannan fannin ba'a samunta a ko ina.

Akwai abu ɗaya da nakeso ki tambayi kanki tsakaninki da Allah. Da yawa cikinmu ɗan uwa ne ya shigo damu fannin, ni ma ƙanwar mahaifiyata kurma ce, ita ce silar shigata. Wannan niyya ce mai kyau, amma in a ranki kina tunanin zaki karanta ne ki warkar da ƙaninki toh zaki sha wahala, tawahhud ba ciwo bane da ake sha masa magani ya tafi, yaro yana koyo yana ci gaba, wani har yayi jami'a yayi aiki, wani kuma zai buƙaci mai kula dashi iya rayuwarsa, kuma ke yayarsa ce kafin ki zama malamarsa, a gida bazai kalleki yadda yake kallon abla a aji ba. Ga shi kuma zaki wuni da yaran mutane ki dawo gida ki tarar da naki aikin yana jiranki. Shiyasa nake ba duk mai tambayata shawara ɗaya, lokacin hutu ki nemi markaz ko jam'iyyar khairiyya ki shiga aikin taɗawwu'i wato na sa kai ko na sati uku ne, ki ga canza wa yaro kaya, ki ga yaro ya kwanta a ƙasa yana ihu rabin awa, ki ga uwar da ta zo da fushi ta sauke a kanki, gani ya kori ji. In kin fito sati na uku kina tunanin yaran da daddare kina cewa gobe bari in gwada masa kaza, toh fannin naki ne.

Shi kuma Baba kar ki ja dashi, ki bari sai ya huta bayan isha ki kai masa shayi ki zauna. Shi mutumin Harami ne ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da aka saukar da farkon suratu Abasa saboda shi lokacin da ya zo neman ilimi, ya zama ladanin Manzon Allah SAW har ana barinsa ya kula da Madina in an fita yaƙi. Ya san Aɗa'u ɗan Abi Rabah, baƙin mutum mai naƙasa a jiki da ya zama muftin wannan garin namu. Ya san Shehu Bin Baz makaho ne. Ki ce masa Baba duk waɗannan wani ne ya zauna ya koyar dasu. Sannan ki nuna masa kin yi lissafin maganar aiki, ga hanyar minha, ga abinda zakiyi in ba'a samu ba, ga Najeriya in ta kama, dattawanmu sunfi yarda da yaron da ya zo da tsari. In da hali ki roƙeshi ya raka ƙaninki jalsa wato zaman koyarwa sau ɗaya ya zauna ya kalla da idonsa, iyaye maza da yawa a wajen nan ra'ayinsu yake canzawa.

Game da ƙanin naki kuma baki faɗi shekarunsa ba, in bai kai 6 ba dan Allah kar a jira ki gama jami'a, a fara masa jalsa yanzu, kuma ki duba takrir ɗinsa ki gani ko an masa gwajin ji kafin a rubuta tawahhud, in ba'a yi ba a koma ayi. Ku ci gaba da masa Hausa a gida, kar wani yace muku harshe biyu ne ya hanashi magana ku daina, kawai ku gajarta jimla ku haɗa da nuni da hoto. Ki rubuto min shekarunsa da abinda yake iya yi da kansa yanzu, cin abinci, bayi, sa kaya, da abinda yafi so a duniya ko da murfin kwalba ne, sai in faɗa miki ta inda zaku fara ke da Umma. Ki gaishe min da ita sosai.